Gargaɗi ga Karare da Kewaye: Kada Ƙwayar Kittani Ta Raba Ku da Maganin Asibiti

Jama'ar Karare, da na Ruma da Wagini da cikin garin Batsari, da 'yan uwanmu na Safana, Runka da Zakka, wannan saƙo na gaggawa ne. Wanda ya karanta ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Duk mai hawan jini ko ciwon suga da likita ya ɗora a kan magani, kada ya kuskura ya ajiye maganinsa saboda wata ƙwaya da ake tallatawa a waya da sunan filaksid. Mai juna biyu ta nisance ta. Kada a zuba garinta a kunun yaro. Wanda kuma ya riga ya ajiye maganinsa, ya je a auna shi yau ko gobe, kada ya ce sai ranar kasuwa.

Ƙwayar kittani ce, 'ya'yan shukar nan da ake samun zaren kittani daga jikinta. Tana kama da riɗi, sai dai ta ɗan fi shi girma, ga sheƙi ga santsi, launinta ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Ba amfanin gonakinmu ba ce. Rasha da Kazakistan da Kanada su ne manyan masu nomanta, Habashawa ma suna nomawa, su soya su daka su dama su sha. Tsohon abinci ce, mai ɗauke da mai da harza masu amfani ga jiki, kuma ni ba ni da rigima da ita. Rigimata da kayan da aka ɗora mata ne.

Kwanakin baya, a wata majalisa bayan la'asar, wani matashi ya kunna mana saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp. Muryar mace ce, cikin natsuwa, ta fara da sallama da salati. Ta ce masana a Kanada sun tabbatar cokali biyu na garin filaksid da safe yana kawar da hawan jini, yana wanke suga, yana narkar da sankarar mama, yana buɗe mahaifa, yana zubar da tumbi, yana kashe basir. Ta ce ƙwayoyin asibiti ƙoda suke cinyewa. A ƙarshe ta karanto lambar waya, ta ce ana ba direba a tasha ya kawo, kuma wanda ya tura wa wasu yana da lada. Wani dattijo da ke bakin tabarma, katin asibitinsa na leƙowa daga aljihun gaban riga, ya ce, "Yaro, maido mini wurin hawan jinin nan in ƙara ji." Yaron ya ce, "Baba, ai tunda ka ji Kanada a ciki, magana ta ƙare." Nan take aka shiga lissafin kuɗin gwangwani da na mota. Ko mutum ɗaya bai tambayi su wane ne masanan ba, balle me suka auna.

Ban ga laifin dattijon ba. Wanda ke zaune a gefen dajin Rugu ya san abin da zuwa asibiti ya zama a shekarun nan: sai ka tambayi labarin hanya kafin ka hau babur, kana can kuma hankalinka na kan dawowa da sauran rana. Babban Asibitin Batsari ba kusa yake da kowa ba, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kuwa tafiyar yini ce da kashe kuɗi. Maganin hawan jini ba a gama shan sa, wata-wata ake saye, farashinsa kuma ya bi na sauran kaya sama. A watan Satumba na 2021, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Batsari da Safana, kowa ya ga irin wurin da waya ta kama a rayuwarmu. Ita ce kasuwa, ita ce rediyo, ga shi yanzu tana neman kujerar likita. Amma fa wannan wayar ce ta tashe mu da tsakar dare a watan Agusta na 2014, aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don tsira daga Ebola. Aƙalla mutum 2 suka rasu a ƙasar nan, aka kwantar da kimanin 20, a kan saƙon da ba a san mafarinsa ba.

Abin da ya sa tallar filaksid ta fi ta gishiri wuyar turewa shi ne akwai gaskiya a cikinta. Binciken Kanada an yi shi, ba ƙage ba ne. A birnin Winifeg, Farfesa Grant Pierce da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta asibitin St. Boniface sun ɗauki marasa lafiya 110 masu fama da toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana ba su burodi da kek da makamantansu da aka kwaɓa da giram 30 na garin kittani kullum, kusan babban cokali huɗu ke nan. Ɗaya kashin ana ba su irin wannan abinci, amma babu kittani a ciki. Da majinyacin da likitan da ke auna shi, babu wanda ya san wa ke cin wanne. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jinin masu cin kittani ta yi ƙasa da ta sauran da kimanin maki 10, lambar ƙasa kuma da kimanin 7. An buga sakamakon a 2013 a mujallar Hypertension ta ƙungiyar masana zuciya ta Amurka. Gwaji ne da aka tsara da kyau, sakamakon kuma ba ƙarami ba ne.

To ga abin da mai saƙon murya ta tsallake. Mafi yawan waɗannan mutane suna kan maganin hawan jini tun kafin a fara, kuma ba a ce wa kowa ya daina ba. Kittanin ƙari aka yi musu a kan magani. Ka ga ke nan binciken da ake kafa maka hujja da shi don ka jefar da ƙwayarka, a kan masu shan ƙwaya aka yi shi. Sannan ba shi kaɗai ne aka yi ba. A 2015 wasu masana a Ostireliya sun tattara bincike 11 da aka yi a kan kittani da hawan jini, suka haɗa lissafinsu wuri guda, sai saukar da aka samu ba ta kai maki 2 ba, sama da ƙasa. A 2016 wasu suka tattara gwaji 15, suka sami kusan maki 3 a sama, 2 da 'yan kai a ƙasa. Amfanin yana nan, amma ɗan kaɗan ne. Mai talla ya ɗauko bincike guda da ya fi kowane ƙara, ya rufe bakinsa a kan sauran.

Mu yi lissafi da dattijon da jininsa ke kaiwa 170 bisa 100. Cire maki 3, saura 167. Yi masa alfarma ka cire 10 ɗin Winifeg ɗungurungum, saura 160. Har yanzu yana sahun waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke iya kayarwa suna tsaka da alwala. Ƙwayar asibiti guda, bisa lissafin gwaji 354 da aka tattara a Ingila a 2003, tana sauke lambar sama da kimanin maki 9, shi ya sa likita kan haɗa wa mutum iri biyu ko uku. Ranar da ya ajiye su, ba a daɗewa jinin zai koma inda ya fito, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum na iya jin sa garau har safiyar da baki zai karkace. Batun cin ƙoda kuwa, juya maganar aka yi. Hawan jini da ciwon suga da aka bari babu magani su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda Katsina ko Kano ya san gona nawa ake sayarwa a kai. Mai ciwon suga shi ma haka: abin da aka gani a gwaje-gwaje ɗan sassauci ne a awon suga, ba warkewa ba. Yaro ko matashin da rayuwarsa ta dogara da allurar insulin kuwa, idan aka tsayar masa da ita, kwanaki kaɗan ne tsakaninsa da suma, daga nan sai abin da Allah Ya yi.

Me ya sa masana ke saɓa wa juna haka? Ba don wani na ƙarya ba. Wani da ƙwayar ɗungurungum ya yi gwaji, wadda sau da yawa takan fita yadda ta shiga ba tare da hanji ya fasa ta ba. Wani da gari ya yi, wani da man kawai, wanda ba shi da harzar. Wani ya ba masu lafiya na wata ɗaya, wani ya ba marasa lafiya na wata shida. Kuma idan mutanen da aka gwada ba su da yawa, dace kaɗai na iya haifar da sakamako mai daɗin ji.

Akwai labarin da nake so kowa ya riƙe, domin ya fi dogon bayani. A asibitin Mayo na Amurka, Dakta Sandhya Pruthi ta gwada kittani a kan zafin jiki da gumin da ke taso wa mata lokacin ɗaukewar al'ada. A gwajin farko, wanda aka buga a 2007, mata kusan 30 ne, kowacce na cin giram 40 a rana har mako shida, kuma yawan tasowar zafin ya ragu da kusan rabi. Jaridu suka ɗauka, labari ya zagaya duniya. Sai dai a wannan gwajin kowa an ba ta kittani, babu wata ƙungiya da za a kwatanta da ita. Likitar ba ta tsaya nan ba. Ta sake gwaji da mata 188, rabi aka ba su abinci mai kittani, rabi aka ba su mai kama da shi na wofi. Da sakamako ya fito a 2011, babu bambanci. A kowane ɓangare, kimanin kashi ɗaya cikin uku na matan sun ce sun sami sauƙi sosai, har da waɗanda ba su ci kittani ko ƙwaya ɗaya ba. Likita ɗaya, amsa biyu, kuma ita da bakinta ta sanar cewa na biyun ne abin dogaro. Yau idan ka bi bidiyon da ake yi wa mata talla, labarin 2007 ne har yanzu yake yawo. Wannan kuma shi ne amsar masu cewa ai wance ta sha ta ji daɗi. Ba ƙarya ta yi ba, matan da aka ba na wofi su ma sun ji daɗin.

Mu mutane ne da idan mai wa'azi ya kawo hadisi sai mun so jin wa ya ruwaito, sahihi ne ko mai rauni, ko kuwa ƙirƙirarre ne. Abin mamaki, idan aka ce "bincike ya nuna", sai mu karɓa babu isnadi. Ga shi kuwa tambayoyin ba su fi ƙarfin kowa ba. A kan mutane aka yi, ko a kan ɓeraye, ko a cikin kwalbar ɗakin gwaji? Yawancin abin da ake cewa yana kashe ƙwayoyin sankara a kwalba ne ya kashe su, kuma a kwalba ko ruwan omo ma yana kashewa. Mutum nawa ne? An kwatanta su da waɗanda ba a ba ba? Wasu masanan a wata ƙasa sun maimaita sun sami abu ɗaya? Sai babbar tambaya: lamba aka ga ta motsa a takardar gwaji, ko kuwa mutane ne suka rage mutuwa? A ƙasar Holan an bi mutum 4,837 da suka taɓa samun bugun zuciya har wata 40, wasunsu ana ba su botar shafa wa burodi da aka ƙara wa irin man omega-3 da ke cikin kittani. Da aka buga sakamako a 2010, ba a ga wata raguwa ta a zo a gani ba a sake kamuwa da ciwon zuciya. Dalili ɗaya shi ne irin omega-3 na tsiro sai jiki ya juya shi zuwa irin na kifi kafin ya yi wasu ayyukan, kuma kaɗan jiki ke iya juyawa. Tambayar ƙarshe ita ce wadda ko yaro ya iya: mai maganar nan, akwai lambar waya a ƙarshen maganarsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Batun sankara ya fi tayar mini da hankali, domin a nan jinkiri ne ke kisa. A Toronto a 2005 an gwada mata 32 masu sankarar mama, a jami'ar Duke ta Amurka a 2008 an gwada maza 161 masu sankarar mafitsara irin ta maza. A duka biyun an ga alamar cewa ƙwayoyin ciwon sun rage saurin hayayyafa a jikin masu cin kittani. Amma 'yan makonni ne kawai, a tsakanin gano ciwon da ranar tiyata, kuma tiyatar ba a fasa ta ba. Babu wanda kittani ya warkar a cikinsu, masu binciken ma ba su ce haka ba. Wasu tsofaffin bincike ma akasin haka suka hango, suka danganta yawan cin irin man da ke cikin kittani da ƙaruwar sankarar maza, na baya kuma ba su tabbatar da hakan ba. Tatsuniyar warkarwar ta girmi Facebook da nisa: wata Bajamushiya mai suna Johanna Budwig ce ta fito da haɗin man kittani da cuku a shekarun 1950, kuma har yau babu gwajin kirki da ya nuna haɗin nata yana warkar da sankara. Iyayenmu mata da ƙannenmu, wadda ta ji ƙullutu a mama, asibiti za ta nufa. Wata uku da za a ɓata ana dama gari a nono su ne bambancin ciwon da ake iya cirewa da wanda ya riga ya bazu.

Yanzu ga abin da masu talla ba sa faɗa ko da wasa. Ƙwayar kittani tana ɗauke da sinadarai da ke sakin dafin sayanayid idan aka niƙa ta ta haɗu da ruwa. Mu manoma ba baƙonmu ba ne. Dangin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci ne, wanda sai an fere an jiƙa an dafa, kuma danginsa ne ke cikin gyauron dawa da ke kayar da saniya idan ta afka masa da yunwa. A nan ma hukumomi sun sha bamban. A 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta amince a rubuta a jikin kaya cewa giram 40 na garin kittani a rana yana taimakawa wajen rage kitsen jini, wato kolestarol. A 2016 hukumar abinci ta Suwidin ta shawarci mutanenta su guji cin niƙaƙƙiyar ƙwayar saboda wannan dafi. Ɗaya amfani ta duba, ɗaya haɗari ta duba, kuma kowacce da hujjarta. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi lissafi, ta nuna cewa idan aka yi rashin sa'ar ƙwaya mai dafi da yawa, abin da bai kai cokalin shayi ɗaya na garin ba na iya ƙetare iyakar da aka ɗauka amintacciya ga ɗan yaye. Daga baya Tarayyar ta kafa doka a kan yawan dafin da aka yarda a samu a wadda ake sayarwa. Wadda ke zuwa mana a ƙulle a leda, ba suna ba kwanan wata, babu wanda ya auna ta.

Gaskiya ita ce baligi mai lafiya da ya ci cokali ɗaya ko biyu, jikinsa na iya kawar da ɗan dafin, kuma dahuwa da ruwa tana rage shi sosai. Yaro ne abin ji. Jikinsa ƙarami ne, kuma aikin kawar da wannan dafi yana bukatar sinadaran da ake samu daga abinci mai gina jiki, abin da yaranmu da yawa suka rasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 kaɗai, yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. A irin wannan ƙasa, uwar da aka ce mata filaksid na sa yaro ƙiba da kaifin ƙwaƙwalwa, ta ɗauki kuɗin da zai sayi wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai ta saya, an cuce ta sau biyu. Yaron da ya rame, gashinsa ya yi ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi a auna damtsensa a ba shi abincin tamowa na asibiti. Wanda kuma aka riga aka ba garin, sai aka ga amai, jiri, numfashi sama-sama ko fizge-fizge, a ruga da shi asibiti tare da ledar abin da ya ci.

Mata masu ciki da masu neman haihuwa su ne kasuwar da aka fi nema, ana haɗa musu ita cikin kayan gyaran jiki. Ƙwayar tana da sinadarin da ke ɗan kwaikwayon homon ɗin mata, kuma wannan ne ya sa hukumar magunguna ta Turai ba ta ba mai ciki shawarar amfani da ita ba, haka ma mai ciwon da homon ke hurawa. Wani bincike a Montiriyal, da ya bi bayanan mata sama da 3,000, ya ga haihuwar bakwaini ta ninka kusan sau huɗu a tsakanin waɗanda suka sha man kittani bayan watanni ukun farko na ciki. Ma'aunin da na ɗora wa sauran shi zan ɗora masa: bincike ɗaya ne, na bin diddigi, ba hujja ce yankakkiya ba. Amma a inda nakuda ke iya kama mace da dare ga hanya a rufe, wa zai yi caca da cikinsa don amfanin da ba a tabbatar ba? Rashin haihuwa kuwa dalilansa na da yawa, wani lokaci ma daga wajen maigidan ne, kuma babu garin da ke buɗe toshewar hanyar ƙwai.

Za a ce maka ai da lambar NAFDAC a jiki. Duba ƙarshen lambar. Idan harafin L ne, ma'anarsa hukumar ta duba ta ga abin ba ya cutarwa a yadda aka gwada shi, ta ba shi izini na ɗan lokaci. Ba ta tabbatar yana warkar da komai ba, shi ya sa doka ta tilasta a rubuta a jikin irin waɗannan kaya cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kuma lamba na iya ƙarewa, ana iya buga ta jabu. Mutanen Arewa ba su manta da maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha ba, wanda aka sha a tashoshi da kasuwanni shekara da shekaru, har sai da binciken 'yan jarida ya fallasa illarsa a 2023, NAFDAC ta rufe inda ake haɗa shi a jihar Kaduna. Haka nan ganin ta a jere da zuma da habbatus sauda a shagon magungunan Musulunci bai mayar da ita habbatus sauda ba. Kanta ɗaya kawai suka haɗa.

Wanda yake baligi, lafiyayye, kuma yana son ci a matsayin abinci, ba na hana shi. Ya sayi ƙwayar, ba garin da aka niƙa tun a Kano ba, domin man da ke ciki yana saurin lalacewa a zafi irin namu. Idan ta fara warin fenti ko ɗaci, a zubar. Ya daka ta kwana biyu ko uku kawai, ya fara da cokali ɗaya, ya fi kyau a dafa ta cikin koko ko a kwaɓa a gasa. Ya bi ta da ruwa sosai, domin tana kumbura a ciki, kuma cin ta babu isasshen ruwa na iya toshe hanji. Mai azumi a watan zafi ya kula da wannan ƙwarai. Mai wahalar haɗiya, ko mai ciwon ciki da ba a san dalilinsa ba, ya bar ta. A ba da tazarar awa guda tsakaninta da kowane magani, don tana iya hana jiki tsotse shi. Mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ko asfirin ya fara gaya wa likitansa. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da ita a kan taurin bayan gida, ga wanda ya wuce shekara 12, kuma wannan shi ne aikinta da ya fi kowane tabbata, ko da yake kuɓewa da kuka da rama ma ba su gaza a nan ba. Man kittani da kafintoci da masu fenti ke amfani da shi kuwa, an zuba masa sinadaran busarwa, ba na ci ba ne ko kusa.

In don hawan jini ne, akwai abin da ya fi kusa da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, a duk abin da zai ci. Dunƙulen da muke jefawa huɗu-huɗu a tukunya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. Rage waɗannan na sauke jini fiye da maki 2 ko 3 da kittani ke bayarwa, kuma kashe kuɗi yake rage wa maigida. Har zoɓon da ke gefen gonarmu an gwada shi a jami'ar Tufts ta Amurka a 2010, mutum 65, kofi uku a rana har mako shida, lambar sama ta sauka da kimanin maki 7 a masu shan sa, 1 da ɗoriya a sauran. Shi ma ƙaramin gwaji ne, shi ma ba madadin magani ba ne, kuma ba wanda aka tula wa sukari ake nufi ba. Amma ban taɓa jin an yi masa saƙon murya da salati ba, wataƙila don babu ribar da za a ci a kansa.

Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, masu unguwanni su faɗa a wurin suna da ɗaurin aure, malaman Islamiyya su faɗa wa matan aure. Ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su riƙa tambayar majinyaci me yake sha a gida, cikin lalama ba tare da faɗa ba, domin wanda aka kunyata ba ya ƙara faɗa. Masu kula da zaurukan WhatsApp su goge irin wannan saƙo, su kuma gaya wa wanda ya turo dalili. Matasa masu waya, ku ne ƙofar da abin ke shigowa gida: ku duba ledar maganin Baba da Inna, ku ƙirga ƙwayoyin, ku ga ko ana sha. Idan kuɗin maganin ne ya gagara, a gaya wa ma'aikacin lafiya a fili, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. Wanda aka ga bakinsa ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, ko mai suga da ƙishirwa da yawan fitsari da magagi suka taso masa, kada a tsaya ɗura masa komai a baki. A nemi abin hawa a nufi asibiti mafi kusa, a tafi da katinsa da duk abin da yake sha, na kemis da na leda.